Sharaɓar Jikan Baba

Kwana biyu na yi a filin jirgin Kazablanka ina jiran jirgin Tunis, a kan kujerar ƙarfe, jakata tsakanin ƙafafuna. Wani ɗan Senegal da ya ga na daɗe ban motsa baki ba ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini rabi. Ina ci ina yi wa kaina faɗa: Isuhu, shekara goma sha ɗaya kana duba cikin matan Madarumfa da na'urar eko mai ɗaukar hoton ciki, kowa na ce maka likita alhali anfirmiye ne kai, ma'aikacin jinya, me ya raba ka da inuwarka? Na san amsar sarai. Yaro ne ɗan shekara shida.

Ɗan farina ne. Ba na kiran sunansa, amma tunda takarda ce bari in rubuta sau ɗaya: Habu. Tun da aka yaye shi yake hannun Baba, mahaifina, kamar yadda aka saba. Baba kuwa tsohon ɗan kokowa ne, daga garin Ɗan Issa har garin Sarkin Yamma babu filin da ba a yi masa kiɗa ba. Ni ban gaje shi ba, lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ni, kuma har yau bai gama yafe mini ba. Sai ga jika ya taso da sharaɓa cike tam, kamar an ɗaura masa goruba a bayan ƙafa. Baba ya ce Allah ya mayar masa da abin da boko ta ci. Duk baƙon da ya shigo gida sai an kira yaro an ɗage masa wando, a ce taɓa ka ji.

Amma yaron faɗuwa yake yi. Gudu kaɗan sai ƙasa. In zai tashi sai ya kife, ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya bi cinyarsa da hannu har ya miƙe. Baba ya ce ragwanci ne, kuma maganin ragwanci yashi. Kullum da safe sai ya kai shi bakin tabki ya sa shi gudu da tsallen kwaɗo, in ya faɗi tsumagiya ta tashe shi. Ni ba ni da bakin magana, domin a wurinmu uban da ya shiga tsakanin ɗan farinsa da kakan yaron ya zubar da kunya ke nan. Wata rana na faki idon mutane na shigar da shi ɗakin eko na ɗora masa na'ura a cinya. Na ga tsoka baƙa-baƙa kamar ta kowa, na ɗauki hoton allon da salula, na ce wa kaina lafiya lau. Zuciyata dai ta ƙi kwanciya. Da na ji akwai masu gane ciwon tsokar yara da irin wannan na'ura, na sayar da moto, na nemi hutu, na ce sai na gano da idona.

A Tunis ɗan ƙasarmu ne ya tarbe ni, Sallau, wanda ya daɗe can yana kai marasa lafiya asibitoci, shi ya shirya mini komai ta salula. Ya zo da kwat da turare yana ce mini dokta, dokta. Ya kai ni ɗakin da ya ce nawa ne ni kaɗai, na tarar da mutum biyar a ciki. Na haɗiye wannan. Ran Litinin ya ajiye ni ƙofar makarantar da ya yi mini rajistar istaji, wato koyon aiki, ya ce yana zuwa. Na shiga aji na zauna, malami ya kunna allo, sai ga kan jariri cikin mahaifa. Na ce wataƙila share fage ne. Aka yi awa guda ana auna kai, aka koma mabiyiya. Na ɗaga hannu na tambayi yaushe za a zo kan tsokar yara. Malamin ya dube ni ta saman tabarau ya ce nan duban ciki ake koyarwa, wata uku cur.

Wallahi ranar har idona ya rufe. Abin da zan iya koyarwa ina gyangyaɗi, shi aka kawo ni in koya. Na kira Sallau, ya ce ai eko eko ne, ciki da cinya duk jikin mutum ne. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta ba, har na haɗa da kakanninsa, Allah ya yafe mini. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Ina saukowa daga benen wata ungozoma daga cikin ƴan ajin ta biyo ni. Ta ce ta ji tambayata, ɗan ƙanwarta ma irin wannan tashi yake yi, kuma a garin Safakis, can kudu, akwai likitar da ke duba su da eko. Ta rubuta mini sunanta a bayan tikitin bas. Ban tambayi sunan ungozomar ba, har yau abin na damuna.

Daga Tunis na shiga luwaj, ƙaramar motar hayarsu mai fasinja takwas. Direba ya ce Safakis kai tsaye, sai ya sauke ni a Susa, rabin hanya, ya ce nan ya tsaya, ya ja motarsa. A Susa na fara ganin teku da ƙafata a bakinta. Ban daɗe da tsayuwa ba wani mutum ya matso ya ce, Italiya? Na ce masa karatu na zo, kuma gida zan koma. Ya yi dariya ya ce duk haka kuke cewa. Daga nan na gane duk wanda ya dube ni a ƙasar nan kwalekwale yake gani a goshina. Sau uku aka tsayar da ni aka duba faspo a yini ɗaya. Wasu samari suka bi ni da wata kalma da ban san ma'anarta ba amma na san ba yabo ba ce. Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya, da tsayin da na gada wurin Baba, suka watse.

A nan ne Rabi, matata, ta kira. Ta ce yaron ya faɗi a bakin tabki ya fasa haɓa, an yi masa ɗinki biyu. Baba kuma ya ce gangancin yaro ne, ya ƙara masa da ɗaukar ƙaramin buhun yashi a kafaɗa. Ta ce in yi magana mana. Na ce in ce me? In ce zuciyata ba ta kwanta ba? Baba zai tambaye ni abin da na'urata ta nuna, kuma ta nuna lafiya. Na tsaya ina kallon wannan ruwa mai gishiri wanda ba ya shayuwa, kewar tabkinmu ta kama ni, da soyayyen kifi da yaji, da kwaɗon zogalen Rabi. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Sannan na share ido na nemi wata luwaj.

A Safakis wani tsoho mai ƙaramin masauki ya karɓe ni bayan wurare huɗu sun ce a cike suke. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Da ya ga rigar da na zo da ita ya girgiza kai ya ɗauko mini tsohuwar kwat ɗinsa ta ulu, kuma kowace safiya sai ya turo mini kwanon romon wake mai zafi da gutsuren burodi a ciki. Ba na jin Larabcinsa, shi ba ya jin Faransancina, amma sahu ɗaya muke salla.

Dokta Salwa, likitar da aka rubuta mini sunanta, gajeriyar mace ce mai sauri, tana tafiya tana magana. Na tare ta a barandar asibiti na yi bayanina. Ta ce ba ta ɗaukar mai koyo sai da wasiƙar hukuma, wasiƙar kuma tana cin watanni. Na ce hutuna ba zai kai ba. Ta ce to. Na ce zan zauna a bencin nan har ta ga dama. Ta ce bencin na gwamnati ne, kowa na iya zama. Kwana tara na yi a kan bencin nan, daga safe zuwa tashi. Ina ganin yara suna shiga, wasu a keke, wasu suna tafiya a kan yatsun ƙafa da ciki a gaba, tafiyar da na sani kamar tafin hannuna.

Rana ta tara na ji wata murya a ƙarshen baranda tana cewa, "Wayyo Allah, ba mai jin maganata." Hausa ce tsantsa. Na miƙe ba shiri. Wata mata ce ƴar wajen Kance, hanya ta jefo ta nan, riƙe da ɗiyarta mai shekara biyar, jiki zafi rau, cinya ɗaya a kumbure. An turo su nan saboda yarinyar ta daina tafiya. Na gaishe ta, ta kama hannun rigata ta ƙi saki. Na taɓa cinyar na ji ta tauri kamar itace. Irin wannan mun saba da shi a Madarumfa lokacin damina. Da Dokta Salwa ta fito na fassara mata duk abin da uwar ta ce, sannan na ƙara nawa: mugunya ce ta taru can cikin tsoka, a duba a gani. Ta dube ni, ta ce mu shiga. Ta ɗora na'ura, sai ga aljihun mugunya baƙi ƙirin a tsakiyar cinya. Ranar aka zuƙe ta, bayan kwana shida yarinyar ta taka. Dokta ta ce gobe in zo da farar riga, wasiƙa ta same mu a hanya.

Satin farko kallo kawai na yi. Ta nuna mini lafiyayyar tsoka: baƙa, da ɗige-ɗigen fari a warwatse, ƙashi kuma a ƙasa yana haske tar. Ta nuna mini mai ciwo: fari fat daga sama har ƙasa, domin kitse ya cinye gurbin nama, ƙashin ma da ƙyar ake hango shi. Ta ce kan na'urar da muke duba ciki da shi, mai lanƙwasa, ba shi ne na wannan aiki ba, sai miƙaƙƙen. Ta ce eko ba ta faɗin sunan ciwo ita kaɗai, sai an haɗa da gwajin jini, amma tana nuna maka inda za ka dosa ba tare da ka soki yaro da allura ko sau ɗaya ba.

Da na ga na fara gane hanya, na ciro salula na nuna mata hoton da na ɗauko daga gida. Ina jin daɗi ma, don tsokar baƙa ce. Ta kalla ta kalla, ta ce, "Ina ƙashin?"

Na duba. Babu ƙashi, sai wani dishi-dishi.

Ta kira yaron da ke jira, wanda an riga an tabbatar da ciwonsa, ta ba ni na'urar ta ce in ɗora. Cinya ta fito fari fat. Sai ta kama wuyan hannuna ta karkata shi kaɗan, kaɗan ƙwarai. Farin ya dushe, tsokar ta yi duhu kamar ta mai lafiya. Ta miƙar da hannun, farin ya dawo. Ta ce duk wanda ya karkata zai ga abin da yake so, shi ya sa ake neman hasken ƙashi tukuna, shi ke shaida hannu ya miƙe. Bayan yaron ya fita ta tambaye ni cinyar wa na ɗauka. Na ce ta jikan babana ce. Ta yi ɗan lissafi a ranta ta ce, wato ɗanka? Na sunkuyar da kai.

Sai a lokacin na tuna yadda abin ya faru. Da na fara ɗora masa na'urar ranar nan, fari na gani. Na ce hoton bai yi kyau ba, na juya hannu, na juya, har ya yi baƙi, sannan na ɗauka. Ni na ruɗi kaina da hannuna, kuma wata bakwai ke nan yaron na gudu cikin yashi a kan wannan hoto. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin kaina fiye da na Sallau. Dokta ta ce shi ya sa likita ba ya duba nasa, amma tunda a garinku kai kaɗai ne, sai ka koyi miƙar da hannu ko a kan wa. Ta gaya mini gaskiya ba kwana-kwana: in ciwon yaran nan ne, ba a warkewa. Akwai maganin da ke jinkirta shi, akwai miƙar da gaɓoɓi kullum, akwai lura da zuciya da numfashi. Abin da ke saurin lalata irin wannan tsoka kuwa shi ne aikin ƙarfi.

Na so in kira Baba nan take. Na ɗauki salula na ajiye ya fi sau goma. Na san shi: magana ta waya daga ɗan da ya gudu daga kokowa ba za ta hana shi komai ba, sai ma ta ƙara masa zuciya. Na ce wa Rabi ta ce ɗinkin haɓa bai warke ba, a bar yaro ya huta. Wannan ya saya mana sati uku. Ni kuma na duƙufa. Cinya, sharaɓa, damtse, yara sun fi a ƙirga. Duk lokacin da hannuna ya karkata sai Dokta ta ƙwanƙwasa mini biro a wuyan hannu, gaban iyayen yara. Ranar da na yini ba biro, ta rubuta mini takardar shaida da hannunta. Na mayar wa tsohon masauki kwat ɗinsa, ya ƙi karɓa.

Na sauka Madarumfa da hantsi, kabu-kabu ya ajiye ni asibiti kafin gida. Na buɗe durowar ƙasan na'urarmu, ga miƙaƙƙen kan nan kwance cikin ledarsa, tun da aka kawo na'urar ba wanda ya taɓa shi. Na gwada a damtsena, ƙashi ya fito tar.

Ban ce wa Baba komai a kan yaron ba. Na ce masa na koyo duban tsoka, ina so in fara da ta ɗan kokowa don in ga yadda ta ƙwarai take, ya taho da abokinsa, wato jikan, ya yi kallo. Wannan ya yi masa daɗi. Washegari ya zo da babbar riga, jikan na biye. Ya hau gado ya naɗe wando yana yi wa ma'aikata ba'a cewa su zo su ga abin da ba a saye a kasuwa. Na ɗora. Cinyar tsoho ce, ta ɗan yi furfura, amma baƙinta na nan, ƙashi na haske. Na nuna masa nama, na nuna masa farin layin kitse a ƙarƙashin fata. Ya ce ya gane, ai ya sha feɗe rago.

Sai na ce a hau da yaron. Na shafa masa jel ya yi dariyar sanyi. Na nemi ƙashi tukuna, na miƙar da hannu, na riƙe shi a miƙe. Fari fat. Na koma sharaɓar nan da ake kiran baƙi su taɓa. Fari. Na tsayar da hoton kusa da na Baba.

Baba ya matso da fuskarsa har kusa da allo. Ya daɗe.

"Wanga ba nama ba ne," in ji shi.

Na ce a'a, Baba. Na sa aka fita da yaron, na yi masa bayani duka, har da jinin da za mu kai Maraɗi a gwada, wanda daga baya ya tabbatar da abin da muka gani. Na ce masa ba ragwanci ba ne, yaron da iyakar ƙarfinsa yake tashi kullum.

"Gudun da nike sa shi, shi ya jawo?"

"Da shi aka haife shi, Baba. Ba kai ka jawo ba."

"Amma ya ƙara."

Na so in ce a'a. Bakina har ya buɗe. Na ce, "Bai taimake shi ba. Ni ma da laifina, na duba shi tun bara na ga fari, na kau da kai."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya saki wandonsa ya sa takalmi ya fita. Na bi shi a baya.

Yaron na zaune a ƙasa bakin baranda, inda mata masu awo suka cika benci. Da ya ga kakansa sai ya yi sauri ya kife, ya dafa ƙasa zai fara tashin nan nasa, yana satar kallon hannun Baba. Baba ya ce masa tsaya. Mutumin da Madarumfa ba ta taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba in ba a salla ba, ya tattare babbar riga, ya durƙusa a gaban matan nan duka, gwiwa biyu, ya juya wa yaron baya.

"Hau, abokina," ya ce. "Yau ni ka kayar."